Ranar da Aka Kira Ni Aci-a-bari a Gaban Mahaifina

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har in zan kira jika sai na jero sunaye uku kafin in dace da wanda nake nema. Amma abin da ya same ni a Argungu a shekarar da aka ba mu mulkin kai, wannan kam yana nan daram, kuma na san tare za a turbuɗe mu. Tsararrakina in an ambaci wannan shekara tuta suke tunawa da kiɗa da dafa-duka kyauta. Ni suna nake tunawa, suna mai harufa goma wanda ba na ubana ba ne.

Lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishi a Birnin Kebbi, shekaruna ashirin da 'yan kai. Na gama makarantar midil, ina jin Turanci, ina sa gajeren wando da doguwar safa, ga alƙaluma biyu a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu, ado ne kawai. Turawa na ta ɗaure kayansu, mu kuwa kowa na satar kallon kujerun da za su bari yana auna wadda za ta yi masa daidai. Ana cikin haka takarda ta zo cewa za a ɗauki mutum kaɗan daga yankinmu a kai su Zariya kwas na shekara guda, wanda ya dawo kuma ya tashi daga akawu ya zama babban ma'aikaci. A wannan zamani wanda ya sami irin wannan ya haye ke nan, shi da danginsa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan kwas ba.

Aka raba mana fom. Layin farko sunanka, wannan ba matsala. Layi na biyu shi ne masifar, wai sunan dangi, irin wanda Turawa ke gada kaka da kakanni. Babban akawunmu ya ce kada kowa ya tada hankalinsa, ko mutum ya sa sunan ubansa ko ya sa na garinsu. Masu manyan garuruwa suka dangwala nasu suna hura hanci. Ni kuwa na zauna na zuba wa takarda ido. Mahaifina manomin shinkafa ne a fadama, sunan da aka san shi da shi kuma na ƙauye ne tsantsa, wanda tun ina makaranta nake kaffa-kaffa kada wani ya ji. Garinmu kuma gidaje tara ne a bayan Ambursa, sunansa Sabon Gida. Ko'ina ka bi a Arewa sai ka yi tuntuɓe da Sabon Gida guda, kuma duk inda ka gan shi ba sabon abu a cikinsa ko ɗaya. Na ƙaddara a raina ana kiran babban ma'aikaci Mista Sabon Gida a gaban Gwamna, sai na ji gumi ya keto mini.

Akwai wani Nasara mai sayen fatu da ƙiraga da ke shigowa daga yankin da Faransa ke mulki, ta wajen Doso, da tsohuwar motarsa. Ni ke buga takardun izinin fitar da kayansa, don haka na san yadda ake rubuta sunansa: Etcheverry. Mutanen kasuwa da bakinsu ya kasa juya shi sun daɗe da gyara masa zuwa Aci-a-bari, shi ma yana amsawa. Ni dai sunan na burge ni. In ina buga shi a tafireta sai in ji kamar ƙafafun doki a kan daɓe. Na ce wa kaina mai irin wannan suna lalle jinin sarauta ne a ƙasarsu. Na kuma yi wani lissafi wanda har yau in na tuna sai in rufe fuska: wai kujerun da Turawa za su bari sun saba da irin waɗannan sunaye, masu zaɓe kuma in sun gani za su san wayayye ne ya cika fom. Na sa takarda a tafireta, na buga harufan nan goma, na cusa ta tsakiyar sauran aka tura Kaduna.

Mutum ɗaya na gaya wa, maƙwabcina a unguwar Nasarawa, malamin asibiti ne, Kirista daga duwatsun wajen Jos, mutumin kirki mai son dariya. Shi ma suna ya daɗe yana gasa masa aya a hannu. A cocinsu an raɗa masa Xavier, mutanen Kabi kuwa suka ji Zabiya, shi ke nan ya bi shi. Ƙato ne mai gashin baki, amma tsofaffin mata in sun zo karɓar magani sai su tambaye shi ko zai zo ya yi musu waƙa ranar bikin ɗiyarsu. Da na gaya masa abin da na yi, sai ya ajiye cokalinsa ya dube ni ya ce shi ɗora masa aka yi yana jariri, ni kuwa da hankalina da gashin bakina na je na ɗauko. Na ce masa hassada ce.

Bayan mako biyar amsa ta dawo. An kira kowa ganawa da kwamiti a Argungu, don nan manyan da za su taso daga Sakkwato suka ce za su tsaya. Fom ɗina kaɗai ya dawo da jan alƙalami a kusurwa. Babban akawu ya kira ni, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta mini a gaban kowa: kwas ɗin na 'yan Arewa ne zalla, mai wannan suna kuwa da alama baƙo ne daga bakin teku, sai an tabbatar da asalinsa.

Ya cire tabarau ya ce, "Kai, mi yak kai ka? Ƙasa duka tana neman ta rabu da Nasara, kai kana neman ka zama shi?"

Ofis ya kaure da dariya, har masinja ya riƙe ciki. Daga ranar na zama Malam Aci-a-bari. Abin da ya rage mini shi ne in kawo mahaifina da kansa gaban kwamiti ya shaida ni ɗansa ne, in ba haka ba a ba wani gurbina.

Mai hankali da daga nan gida zai nufa ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Ni sai na sake ƙirƙiro wata dabarar. Na ji Nasaran nan yana Argungu yana awon fatu, sai na ce bari in je in roƙe shi ya rubuta mini takarda cewa aron sunan ya ba ni, kwamiti ya gani a wuce wurin, tsoho bai ji ba bai gani ba. Maƙwabcina ya ce zai raka ni, wai yana da saƙon magani da zai kai, amma na san kallo ya je yi.

Muka same shi da hantsi a wata rumfa kusa da gulbi, warin fata ya cika wurin, ƙuda kamar an yi musu gayya. Gajere ne kakkaura, da wata baƙar hula shimfiɗaɗɗiya kamar faifai a kansa, yana zaune a kan buhu yana cin tuwon shinkafa da miyar kifi da hannu. Jinin sarautar da na ƙaddara ke nan. Hausa ce a bakinsa ta fatake, ras, babu gargada. Na yi masa bayani ina kame-kame, na nuna masa fom. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, sannan ya fashe da dariya har tuwo ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa.

Da ya farfaɗo ya tambaye ni me ya sa na zaɓi nasa, duk sunayen duniya. Na ce don na ga sunan manya ne, na sarauta.

Ya ce, "Sarauta? Kakana tumaki shika kiwo. Ubana ma haka. Ni na ci gaba, hwatunsu nika saye."

Daga nan ya gyara zama ya ba mu labari, irin na wanda ya daɗe bai sami mai tambayarsa gida ba. Ya ce shi Faransa ce ta ba shi fasfo, amma shi ba Bafaranshe ba ne. Su wasu mutane ne da ake kira Baskawa, suna zaune a duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen, gefen teku, da harshensu na kansu wanda bai haɗa dangi da na kowa ba, har maƙwabtansu na cewa Shaiɗan ma ya gwada koyo ya haƙura. A wurinsu, in ji shi, ba uba ke ba mutum suna ba, gida ne. Kowane gida a ƙauye yana da sunansa, duk wanda aka haifa a ciki da shi za a kira shi. Wani gidan sunansa Gidan Tudu, wani Gidan Bakin Rafi, wani Gidan Ƙasa. Kuma gida ba a raba shi gado. Ɗa ɗaya ake zaɓa a bar masa komai, gona da tumaki da tukwane, sauran kuwa kowa ya kama gabansa. Abin da suke fita da shi kawai sunan gidan ne, don shi ne ba ya da nauyi a jirgin ruwa.

Ya ce haka sunan ya watsu. Wasu sun bi jiragen kamun kifi, wasu sun tafi Ajantina kiwon shanu, wasu Meziko, wasu sun ƙare a dajin Amurka su kaɗai da tumaki dubu da kare ɗaya, wasu har Filifin. Duk ƙasar da sunan ya sauka sai akawun wurin ya rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Mutanen Sifen suka mai da shi Echeverria, Faransawa suka rubuta yadda nasa yake, wasu suka gutsure kan suka bar Chavarri. Ya ce yana da ɗan baffa a Amurka wanda in sun yi wa juna wasiƙa sai ka rantse ba dangi ba ne. A cikin waɗanda suka fita akwai waɗanda suka yi arziki har suka mulki ƙasashe, suna tafiya suna ɗaga kai da sunan, ba su san abin da yake nufi ba.

Maƙwabcina, da yake shi ba abin da ya dame shi, ya tambaya, to me yake nufi?

Nasaran ya suɗe yatsunsa ya ce, "Ece, gida. Berri, sabo. Sabon Gida."

Ban san lokacin da na zauna a kan fata ɗanya ba. Maƙwabcina ya faɗi ƙasa yana dariya yana dukan buhu, yana nuna ni yana cewa daga nan aka gudo. Nasaran ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa sunan ƙauyenmu, shi ma ya sake sarƙewa. Sai ya tambayi maƙwabcina sunansa, da ya ji Xavier ya ce ai shi ma ɗan gida ne. Wai akwai wani ƙauye a ƙasarsu da bakin mutane ya cinye sunan nan har ya koma haka, wani babban malamin coci ya fito daga can, Kiristocin duniya suka dinga sa wa 'ya'yansu. Dariyar maƙwabcina ta tsaya cak. Ya ce, "Wato shekara talatin ana ce mini Zabiya a kan Sabon Gida?" Mu uku a rumfa ɗaya, Musulmi da Kirista da Nasara, ashe duk suna ɗaya muke ja.

Takardar kuwa ya ƙi rubutawa, kuma gaskiyarsa. Ya ce in ya rubuta ni ɗan gidansu ne, ya tabbatar wa kwamiti ni ba ɗan Arewa ba ne. In kuma ya rubuta ba ya da alaƙa da ni, ya tabbatar musu ni maƙaryaci ne. Ya dai ce zai gaya wa uwarsa a wasiƙa cewa sunan gidansu ya isa Kabi, kuma wannan karon ba jirgi ya kai shi ba, tafireta ce.

Ba yadda na iya, a hanyar komawa na sauka a Ambursa na taka zuwa gida. Na sami mahaifina a fadama, ruwa har gwiwa, shinkafa ta fara nuna, lokacin da manomi ba ya son ya ɗaga ko yini ɗaya saboda tsuntsaye. Na durƙusa na gaishe shi, na ce manya ne suke son ganinsa a Argungu kan maganar ƙarin girmana. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ce, "In dai ganina na, ai ba shi da wuya." Fuskarsa ta cika da murna, ni kuwa na ji kamar in nutse a ruwan nan. Na sami dama uku a wannan yini in gaya masa gaskiya, duk na bar su suka wuce.

Ranar ganawa ya sa rigarsa ta Salla, wadda ninkin akwati ya yi wa layi-layi, muka hau bayan mota a kan buhunan albasa. A hanya duk wanda ya tambaye shi ina za shi sai ya ce ɗansa za a yi wa girma. Aka zaunar da mu a barandar wani ofishi. Mutum uku ne a ciki, Bature ɗaya da ya kusa tafiya gida da manyan 'yan Arewa biyu. Can masinja ya leƙo da takarda, ya yi ta kokawa da harufa, da ya gaji ya ɗaga murya ya ce, "Aci-a-bari!"

Mahaifina ya waiga hagu da dama yana murmushi, yana son ya ga wane ne mai wannan suna na ban dariya. Sai ya ga ni na miƙe.

Har yau ina ganin yadda murmushin ya sauka daga fuskarsa a hankali. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya bi ni ciki, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa ko da yake an nuna masa kujera. Ɗaya daga cikin manyan, dattijo mai furfura, ya yi masa bayanin komai dalla-dalla, ba ragi, sannan ya ce, "Baba, wanga yaro ɗanka na?"

Ya ce, "Ɗana na, ranka shi daɗe. Ni niy yanka mai rago. Amma wanga suna da kunka kira, ban yanka ma shi komi ba."

Suka yi dariya, har Baturen da aka fassara masa. Aka tambaye shi nasa sunan don a rubuta, ya faɗa a fili, sunan nan da na yi shekaru ina ɓoyo. Irin wanda ake sa wa yaron da aka haifa bayan 'yan'uwansa sun yi ta mutuwa ne, mai juji a cikinsa, wai a nuna an yar da yaron don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Dattijon ma cewa ya yi kakansa haka ake kiransa.

Suka gamsu ni ɗan Arewa ne, har da ƙari. Sai dai saura magana ɗaya. An riga an buɗe mini fayil a Kaduna da sunan da na buga, kuma fayil in ya buɗu ba ya jin rarrashi. In ina son gyara sai an yi rantsuwa a kotu, an buga a jarida, an jira amsa, kafin nan kwas ya yi nisa, kuma ba wanda ya san ko za a sake yin wani baɗi. Dattijon ya ce zaɓi nawa ne: in tafi Zariya da sunan Nasara, ko in mai da na ubana in haƙura da tafiyar. Ya ajiye alƙalami ya jira.

Zan so in ce muku nan take na buga ƙirji na ce a mayar da sunan ubana. Ban ce ba. Na tsaya ina kallon siminti, ina jin agogon bango, kuma kowa a ɗakin ya gane abin da shirun nan yake nufi, har mahaifina. Shi ya fitar da ni.

Ya ce, "Ku bar mai shi, shi tahi. Nawa sunan dama na yasasshe na, ba shi jin ciwo."

Aka buga hatimi. A hanyar dawowa bai yi mini faɗa ba, bai kuma tambaye ni dalili ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Maganar tsuntsaye ya yi ta yi, da yadda ruwan bana ya makara bai janye ba. Da ya sauka a Ambursa ya sa mini albarka, ya ce in na isa Zariya in riƙa rufe ƙirjina, an ce da sanyi.

Na tafi, na dawo, na hau kujerar da nake kwaɗayi. Turawa suka watse, aka wayi gari a duk yankin ni kaɗai ne mai sunan Nasara a ƙofar ofis. Baƙi kan zo suna gyara kwala suna tsammanin farar fata, su tarar da ni ina cin goro. Kullum ina cewa zan je kotu in gyara, amma sai in ce bari wannan ƙarin girman ya fito tukuna kada takardu su rikice, in ya fito sai wani ya leƙo. Shekara goma sha ɗaya ina wannan bari. Ranar da na je na yi rantsuwar, na ɗauko takarda mai sunan mahaifina a jikin nawa, kwana arba'in ke nan da binne shi. Ba wanda zan kai wa ya gani.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, duk sunan da ka ji yana ƙara a kunne, in ka bi shi gida za ka tarar da wani talaka da tumakinsa ko gonarsa, kuma mutanen da suka yawata da shi duniya ba su ji kunyar gidan da ya kore su ba, balle ni da nawa bai taɓa kora ta ba. Na kuma koyi cewa in ka san akwai wanda ka ɓata wa, kuma gyaran yana hannunka, ka yi shi yau tun yana da idon gani. Ni na yi nawa daidai, da hatimi da sa hannun alƙali, amma na makara.